Kujerar Majalisa da Takardar Asali a Kotunan Indiya

Majalisar wakilan Indiya, Lok Sabha, tana da kujeru 543. An keɓe 84 daga ciki ga Dalit, mutanen da tsarin asali na Hindu ya danne ƙarni bayan ƙarni har ana ƙyamar taɓa jikinsu, sannan an ware 47 ga ƙabilun da aka bari a baya. Haka ake yi a majalisun jihohi ma. Kowa a mazaɓar yana da ƙuri'a, amma takara sai ɗan waɗannan al'ummomi. Tsarin mulkin 1950 ne ya tanadi haka, kuma B.R. Ambedkar, wanda ya jagoranci kwamitin rubuta shi, Dalit ne da ya ɗanɗani wulaƙancin tun yana ɗan makaranta.

To, wa zai ce wane Dalit ne? Takarda. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma a Najeriya ya san yadda takarda ɗaya take buɗe ƙofa ko ta rufe ta. A Indiya jami'an gwamnati ke bayar da ita, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1994 a shari'ar Madhuri Patil, jihohi suna da kwamitocin tantance ta. Kowace jiha da nata jerin sunayen, don haka dangin da ke cikin jerin wata jiha ba lallai ne a karɓe su a maƙwabciyarta ba.

Navneet Rana ta ci kujerar Amravati a jihar Maharashtra a 2019, da takardar da ta nuna ita 'yar Mochi ce, wato dukawa masu ɗinkin takalma. Wanda ta kayar, Anandrao Adsul, ya garzaya kotu. A 2021 Babbar Kotun Bombay ta soke takardar, ta ce da takardun jabu aka samo ta, ta ci ta tarar rupi dubu 200. A Afrilun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, ta ce babbar kotun ta wuce gona da iri da ta sake auna hujjojin da kwamiti ya riga ya tantance. A lokacin, wa'adinta na shekara biyar ya kusa ƙarewa. Mutanen Amravati sun yi kusan shekara uku ba su san matsayin wakiliyarsu ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne batun addini. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya ce ba a lissafa mutum cikin Dalit sai in Hindu ne. An shigar da mabiya Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990. Musulmi da Kirista har yau suna waje, ko da kakansu kwasar bahaya yake yi, ko da maƙwabta suna ƙin cin abinci a gidansu.

Wannan ƙa'ida ce ta kusa raba A. Raja da kujerar Devikulam, yankin gonakin shayi a jihar Kerala, wadda ya ci a 2021. Abokin hamayyarsa ya ce Raja Kirista ne. Aka kawo hotunan aurensa gaban alƙali, aka buɗe rajistar coci ana bin sunayen iyalinsa, aka koma tono shekarar da kakanninsa suka taso daga Tamil Nadu. A 2023 Babbar Kotun Kerala ta soke zaɓensa, a 2025 Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa. Mutum ya ci ƙuri'ar jama'a, amma sai da aka bincike yadda aka ɗaura masa aure.

Ba shakka akwai masu sayen takardar ƙarya, kuma kowace kujera da suka haye ta wani Dalit ce aka ƙwace. Dole a kama su. Sai dai hujjar da ake nema, tsofaffin rajistar makaranta da takardun fili, ita ce ainihin abin da aka hana kakannin waɗannan mutane mallaka. Mai kuɗi da lauyoyi yana iya jure shari'ar shekara huɗu, talaka kuwa tun a matakin farko yake sarewa.

A 2007 hukumar Ranganath Misra ta ba da shawarar a cire sharaɗin addini, gwamnati ba ta aiwatar ba. A 2022 aka sake naɗa wata hukuma ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai K.G. Balakrishnan don ta duba batun. A ganina tambayar da ya kamata ta yi ita ce ko ana ƙyamar mutum a ƙauyensu saboda asalinsa. Idan ana yi, ya cancanci kujerar, a haikali yake ibada ko a coci ko a masallaci.