Lasisin Ma'aikacin Lantarki: Shaidar Ilimi Da Kariyar Rayuka

A garuruwa da dama na Nijeriya, duk wanda ya mallaki filaya da sukudireba yakan kira kansa mai gyaran wuta. Amma a idon doka da na masana, haɗa wayoyi har ƙwan fitila ya kama bai isa ya mai da mutum ƙwararre ba. Dalilin haka kuwa yana cikin ɗabi'ar ita wutar kanta.

Wutar da ke shiga gidaje a ƙasar nan ƙarfinta volt 230 ne. Ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, idan ya ratsa ƙirjin mutum, yana iya rikita bugun zuciyarsa har ya halaka. Haka nan zafin da waya ke yi yakan ninka sau huɗu idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka sau biyu. Shi ya sa aka saba sa waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, mai 2.5 kuma ga soket. Wanda ya ɗora hita ko dutsen guga a kan siririyar waya, to, ya binne gobara a cikin bango, sai dai jiran rana.

Domin tabbatar da cewa ma'aikaci ya san waɗannan ƙa'idoji, an shimfiɗa masa matakai. Na farko shi ne koyo, ko dai a wurin ubangida ko a kwalejin fasaha. Wanda ya koya a hannu yana iya zama gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, inda ake farawa daga mataki na uku, a hau na biyu, sa'an nan na ɗaya. Ɗalibin kwaleji kuwa yakan zauna jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992.

Mataki na biyu shi ne neman izinin aiki. A da, sashen duba ayyukan lantarki na Ma'aikatar Wutar Lantarki ke ba da lasisi. Dokar 2015 ta ɗora wannan nauyi a kan hukumar NEMSA, wadda ke duba takardun mai nema, ta jarraba iliminsa, kafin ta ba shi takardar shaidar ƙwarewa. Takardar aji-aji ce, gwargwadon girman aikin da mutum zai iya, kuma ana sabunta ta. Ban da wannan, majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, tana yi wa injiniyoyi da masu sana'ar hannu rajista.

Abin da ake nema ga mai lasisi a fili yake: ya iya lissafin nauyin da waya za ta ɗauka, ya zaɓi fis ko na'urar katse wuta da ta dace, ya binne sandar ƙarfe da ke zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, sa'an nan ya auna aikinsa kafin a sako wuta.

Saboda haka, magidanci ko ɗan kasuwa da zai ba da aikin wayarin ya kamata ya nemi ganin takardar ma'aikaci tun kafin a yi ciniki. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A sha'anin lantarki kuwa, takan ci dukiya, wani lokaci har da rai.