"Up to": Iyaka Ce, Ba Alkawari Ba

Jama'a, a filin Turancin kasuwa na wannan mako mun tsaya kan 'yan kalmomi biyu, "up to". Bahaushe kan ce "of tu", Balaraben Gadarif ya ce "ab tu", duk abu ɗaya ne. Mai bin hanyar Doka zuwa Galabat ya tsallaka Matama ya san amfaninta: can Habasha Amharik ake yi, nan Larabci, in baki bai zo ɗaya ba sai a koma Turanci, musamman a takarda da saƙon waya.

Ma'anarta ta farko "har zuwa", abin da Larabcin Sudan ke ce wa "lahaddi". In direba ya ce "I go up to Metema", to Matama ce iyakarsa. Mai zuwa Gondar ya nemi wata mota.

Inda ake tafka asara shi ne in ta zo gaban lamba. A ce dillali ya turo maka saƙo: "I can pay up to 9,000 birr." Malam, bai ce zai biya 9,000 kan kowane rago ba. Cewa ya yi ba zai wuce nan ba. Ragon da ya fi kowanne ƙiba ne zai iya kai wannan kuɗi, sauran kuwa sai yadda ciniki ya kaya, kuma in ya taya 6,000 bai yi maka ƙarya ba. Don haka kafin ka koro dabbobi ka sha kwanaki a hanya, tambaye shi ƙasan farashin: "At least how much?" Ita "at least" kishiyarta ce, wato aƙalla.

Haka abin yake a takardar izini. "Stay up to 30 days" na nufin kwana 30 ne iyakar zamanka. Kana iya fita tun a kwana 10, amma in ka kai 31 ka shiga laifi. Motar da aka ce tana ɗaukar "up to 200 bags", kada ka tara mata buhun riɗi 220.

Akwai wadda ba ruwanta da lissafi: "It's up to you", wato ya rage naka. Mai saye kan faɗe ta in ya yi tayinsa na ƙarshe, ko ka sallama ko ka koma da kayanka. In kuma aboki ya ce "What are you up to?", tambaya ce kawai: me ake ciki?