Fasaha a Kasuwar Kifi ta Baga Road: Yadda ake gane kyawun aikin hannu da basirar da ke cikinsa

Idan aka ambaci fasaha, hankalin mutane da dama kan tafi ga zanen da aka rataye a bango ko sassaƙen da aka ajiye a gidan tarihi. Masana kuwa sun daɗe suna nuna cewa duk inda ɗan Adam ya sarrafa itace ko yumɓu ko zare da niyyar abin ya yi amfani kuma ya yi kyau, to fasaha ta samu. Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri, wadda ke karɓar bandar kifi daga yankin Tafkin Chadi ta aika da ita har Onitsha da Legas, wuri ne da za a iya gwada wannan magana.

Matakai huɗu na kallon fasaha

Wani masanin koyar da fasaha ɗan Amurka, Edmund Feldman, ya tsara matakai huɗu da ake koya wa ɗalibai a ƙasashe da yawa. Na farko shi ne bayyana abin da ido ya gani ba tare da yanke hukunci ba. Na biyu, nazarin yadda aka haɗa sassansa, wato layi da siffa da launi da daidaito da maimaici. Na uku, fassara manufar mai aikin. Sai na huɗu, yanke hukunci kan ko aikin ya cimma abin da aka nufa da shi.

A ɗauki misalin tarwaɗar da aka yi wa banda. Abin da ido ke fara gani shi ne kifi da aka naɗe kamar gammo, kai ya haɗu da wutsiya, launinsa tsakanin baƙi da ruwan ƙasa. Idan aka ƙara dubawa, za a ga mai sayarwa ya jera su bisa girma, manya a gefe, ƙanana a gefe, kowane tuli da tsarinsa. Manufar a fili take: naɗin yana sauƙaƙa jerawa a kan wuta da cikin kwali, jeren kuma yana jan idon mai saye tare da nuna masa bambancin farashi tun kafin ya buɗe baki. Hukunci kuwa 'yan kasuwa suna yanke shi kullum, domin da launi da ƙamshi da nauyi a hannu suke rarrabe aikin gwani da na ɗan koyo. Kifin da wuta ta yi masa yawa zai farfashe a hanya, wanda bai bushe ba kuma zai lalace kafin ya isa Kudu.

Darasin da ke nan shi ne, a irin wannan aiki kyau da inganci tare suke tafiya. Wanda ya yi gaggawar cewa abu ya burge shi ko bai burge shi ba kafin ya duba shi da kyau, ya tsallake matakai uku.

Ƙirƙira da tarihinta a yankin

Masana halayyar ɗan Adam kan ce ƙirƙira tana da sharuɗɗa biyu: abin ya zama sabo, kuma ya biya wata buƙata. Yankin da ke ciyar da wannan kasuwa yana da tsohuwar shaida a kan haka.

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani da ke haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwale-kwale a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka gano a Afirka. Abin da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne tsinin goshinsa da na bayansa da kuma sirantar jikinsa, alamar cewa masassaƙansa sun gaji ilimin da ya riga ya nuna tun kafin zamaninsu.

Haka nan Buduma mazauna tsibiran tafkin sun shahara da ɗaura jirgin ciyawar ruwa da suke kira kadai. A 1969 ɗan ƙasar Norway, Thor Heyerdahl, ya ɗauko gwanayen wannan aiki daga Chadi suka gina masa jirgin da ya sa wa suna Ra, wanda ya yi tafiyar dubban kilomitoci a Tekun Atilantika daga Maroko kafin ya gaza.

Ƙirƙirar ba ta tsaya a da ba. Da ruwan tafkin ya ja baya ya koma fadamu masu ciyayi, masunta suka rungumi gura, tarkon kifin da aka samo daga masuntan Mali, suna jera ta da yawa a kan hanyar ruwa, tsarin da ake kira dumba. Sabon yanayi ya zo da sabuwar dabara.

Basira ba iri ɗaya ba ce

A 1983 Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya gabatar da ra'ayin cewa basirar ɗan Adam kashi-kashi ce: akwai ta harshe, da ta lissafi, da ta fahimtar siffa da sarari, da ta sarrafa gaɓoɓi, da ta mu'amala da jama'a, da sauransu. Wasu masana sun ƙalubalance shi, suna ganin waɗannan baiwa ce kawai, kuma akwai basira guda da ke ƙarƙashinsu duka. Duk da wannan saɓani, ra'ayin ya taimaka wajen lura da abin da jarrabawar takarda ba ta aunawa.

Mai saƙa koma yana lissafin faɗin ido gwargwadon kifin da yake nema. Mai shirya kwali yana auna sarari da ido. Dillali kuma yana riƙe da bashi da amanar mutane da dama a ka, yana ciniki da Hausa da Barbarci da Turancin Buroka a zama ɗaya.

Abin da ake gudun rasawa

Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Yaro yana ɗaukarsa ne a gefen mahaifinsa ko ubangidansa. Rikicin Boko Haram ya katse wannan sarƙa. Harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015 ya raba dubban mutane da gidajensu, kuma sojoji sun hana safarar kifi na tsawon lokaci bisa dalilin cewa mayaƙan suna samun kuɗin shiga da ita. A 2020 gwamnatin Jihar Borno ta fara mayar da mutanen Baga garinsu, amma yaran da suka girma a sansanonin gudun hijira sun rasa shekarun da ya kamata su koyi saƙa da sassaƙa da banda.

Cibiyoyi irin su Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kamun Kifi ta Baga da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da Jami'ar Maiduguri suna da damar tattara wannan ilimi daga bakin dattawan da suka rage. Malaman makaranta ma ba sa buƙatar gidan tarihi kafin su koyar da matakan nan huɗu: gura ɗaya ko tarwaɗa ɗaya a kan tebur ta isa ɗalibi ya fara koyon kallo kafin yanke hukunci.