Abin Da Amelia Ba Ta Rubuta Ba

Ranar Asabar, 9 ga Afrilu, 1853, da hantsi, wata mata mai suna Amelia Stewart Knight ta bar gidanta da ke gundumar Monroe a jihar Iowa ta Amurka, ita da mijinta Joel da 'ya'yansu bakwai. Amalanken shanu suka ɗaura, irin mai rumfar zane a sama, suka fuskanci yamma. Oregon za su, inda gwamnati ke raba wa baƙi filaye kyauta a ƙarƙashin wata dokar 1850, tafiyar da ta haura kilomita 3,000. A ranar farko mil takwas kacal suka ci, suka kwana a wani tsohon gida cikin jaura. Kafin ta kwanta ta rubuta yadda yinin ya kasance, kuma haka ta riƙa yi kusan kullum har wata biyar da 'yan kwanaki.

Littafin nata bai ɓace ba. Masaniyar tarihi Lillian Schlissel ta saka shi cikin tarin rubuce-rubucen matan wannan hanya da ta wallafa a 1982. Wanda ya karanta zai san yawan mil ɗin da aka yi kowace rana, da inda aka samu ciyawa, da ranar da saniya ta faɗi. Zai ji yadda ruwan sama ya jiƙa shimfiɗa tun ba a fita Iowa ba, taɓo ya riƙe ƙafafun amalanke, hangum ya kama wasu daga cikin yaran. Zai kuma yi ta cin karo da wanki, domin duk inda ayari ya yada zango na yini guda, maza suna duba ƙafar shanu, ita tana duƙe a bakin ruwa.

Wankin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Mace a yau, ko a Oregon take ko a Kano, in tana da ruwa a kusa, sai ta yage ledar omo ta zuba, kumfa ya tashi. Garin sabulu irin wannan bai zama ruwan dare ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tide ma a 1946 ya shiga kasuwa, shekara casa'in da uku bayan tafiyar Amelia. Matan zamaninta a karkara da hannunsu suke yin sabulu. Su tara tokar murhu a ganga, su tsiyaye ruwanta, su gwada ƙarfinsa da ƙwai, in ya taso sama to ya yi, sannan su dafa shi da kitsen da suka daɗe suna tarawa. Duk wadda ta ga ana haɗa sabulun salo ta san wannan aiki, ta kuma san yadda ruwan toka ke cin fatar hannu. Sai dai a kan hanya babu wurin kafa wannan tukunya. Abin da aka ƙunso daga gida da shi za a yi maleji har a isa.

Sabulun ma shi ne mai sauƙi. Kafin a yi wanki sai abu uku sun haɗu a zango ɗaya: ruwa, da makamashi, da yardar maza a tsaya. Ruwan Kogin Platte, wanda ayari ke bin gefensa makonni, dagwalo ne, sai an bar shi ya kwanta. Gaba kuma akwai tafkuna masu kanwa da ke kashe shanu in sun sha. Itace babu a wannan fili, sai busasshen kashin ɓauna da mata da yara ke tsinta a haɓar riga, yadda ake tsintar kashin shanu a wasu ƙauyukanmu. Tsayawar kuwa ita ce mai tsada. Kowa a hanyar ya san labarin ayarin Donner, waɗanda ƙanƙara ta rufe wa hanya a duwatsun Sierra Nevada a 1846, kusan rabinsu suka mutu. Duk yinin da aka ba mace ta wanke kayan yara, an zare shi ne daga kwanakin da suka rage kafin hunturu ya toshe duwatsu. Shi ya sa riga ɗaya kan yi makonni a jiki.

Autan Amelia a lokacin, Chatfield, ɗan ƙaramin yaro ne da bai daɗe da fara tafiya ba. Babu famfas; Pampers sai 1961. Fil ɗin da ake maƙale kunzugu da shi ma shekara huɗu ke nan da Walter Hunt ya ƙirƙiro shi a New York. Uwar da ke goyo a wannan hanya tsumma take naɗa wa jariri, in ya ɓata shi kuma babu ruwa, sai ta shanya ya bushe, ta kankare, ta mayar. Mai jinin al'ada ita ma tsumman ne, ta wanke a ɓoye, ta rasa inda za ta shanya idon maza bai kai ba. Audugar mata ta kanti sai farkon shekarun 1920 ta samu karɓuwa, bayan ma'aikatan jinya a Faransa sun gano cewa audugar ɗaure rauni ta kamfanin Kimberly-Clark tana yi musu wani amfanin daban. A filin da ba bishiya ba tudu, ko kewayawa sai da dabara: mata kan tsaya su baza dogayen siket ɗinsu su yi wa 'yar'uwarsu shinge.

Abin tausayin shi ne, dattin da suke gani da ido suna yaƙi da shi bai kai wanda ba su gani ba haɗari. Dubban mutane da dabbobi suna sauka a zango ɗaya, suna bahaya kusa da inda na bayansu za su haƙa rami su ɗebi ruwan sha. Tsakanin 1849 da 1852 cutar amai da gudawa ta jera kaburbura a gefen Platte. Mutum ya karya kumallo lafiya, kafin wayewar gari an binne shi. Yawancin likitocin lokacin suna ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Sai a 1854, shekara guda bayan wucewar Amelia, likita John Snow ya bi diddigin cutar a wata unguwar Landan har zuwa famfon rijiya guda, ya sa aka cire masa hannu. Da sun riƙa tafasa ruwa da gangan, da hakan ya ceci da yawa. Masu shan shayi da gahawa sun tsira da dama ba tare da sun san dalili ba.

Amelia ba ta binne ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta ba, amma ta ga tashin hankali. Chatfield ya yi zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje, ya kuma faɗi ƙarƙashin amalanke, saura ƙiris ƙafar amalanken ta bi ta kansa. A watan Agusta aka tashi daga wani zango aka bar 'yarta Lucy zaune a gaɓar kogi tana kallon masu tsallakawa. Uwa ta ɗauka tana wani amalanken, na cikinsa kuma sun ɗauka tana wajen uwa. Sai da aka yi tafiya mai nisa aka tsaya hutar da shanu, wani ayari ya iso daga baya da yarinyar, duk ta firgice. A wajen mutanen asalin ƙasar, waɗanda filayensu ne ake zuwa rabawa, iyalin suka riƙa sayen kifi, su ne kuma suka taya su ƙetarar da shanu a manyan koguna.

Daga Kogin Snake zuwa gaba rubutun ya cika da wari. Shanun da suka gaza sun mutu a gefen hanya ba iyaka, rana tana dukansu. Amelia ta riƙa ambaton ciwon kai da rashin lafiya, wata rana ma ta kasa saukowa daga amalanke. A duwatsun Cascade hanya ta yi munin da dole kowa ya sauka. A gangaren Laurel Hill sai an ɗaure wa amalanke igiya ko an sare bishiya an ja ta a baya kafin ya sauka bai kife ba. Ita kuwa a ƙasa take, tana tsallake gungumen da suka faɗi, tana ratsa mushe, sau da yawa ɗauke da Chatfield.

Ranar 17 ga Satumba ta yi rubutun ƙarshe na tafiya, suna zango kusa da garin Milwaukie. Daga nan sai 'yan layuka da ta ƙara daga baya, a ciki take cewa ta haifi ɗanta na takwas.

Mai karatu sai ya koma baya yana lissafi. Ranar da ta bar Iowa tana da cikin kusan wata huɗu. Laulayin da ya ɗauka gajiya ce, da warin da ke tayar mata da zuciya, da durƙuson wanki a bakin kogi, da hawan dutse da yaro a hannu, duk da juna biyu aka yi su, na ƙarshen ma da tsohon ciki. A shafukan wata biyar ba ta ambace shi ko sau ɗaya ba. Matan zamaninta ba sa rubuta irin wannan, ko a littafin da ba wanda zai gani sai su. Bahaushiya ba za ta yi mamaki ba, ta san alkunya, ta kuma san ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne jakar haihuwa da ake haɗa wa mai ciki yanzu tun tana wata bakwai: safar hannu, sabuwar reza, Dettol, auduga, famfas, sabulun jariri. Ko ɗaya Amelia ba ta da shi a yadda muka san shi. Wanke hannu kafin karɓar haihuwa ma, shekara shida ke nan da Ignaz Semmelweis ya nuna amfaninsa a wani asibitin Vienna, kuma manyan likitoci ba su yarda da shi ba tukuna.

Ba ta samu kwana arba'in na jego ba, balle ruwan zafi safe da yamma da kunun kanwa. Ba a jima da haihuwar ba suka tattara kaya suka ƙetare Kogin Columbia da kwalekwale da jirgin fito, aikin da ya ci kwana uku. A can ƙetare Joel ya ba da shanun noma huɗu, aka ba shi fili eka 320, da rabin eka da aka riga aka shuka wa dankalin turawa, da wata 'yar bukkar gungume da rumfa a jingine da ita. Nan Amelia ta shiga da jariri a hannu da yara bakwai a bayanta, damunar yankin tana ƙaratowa. Bukkar ba ta da taga ko ɗaya.