Yaron da Ba Ya Amsa Kira: Aikin Iyaye da Malamai

Da muka fita gwajin koyarwa, aka tura ni wata makarantar firamare a nan cikin garin Gombe. A aji ɗaya na tarar da wani yaro mai shekara kamar shida. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya kuwa duban idon mutum. Kullum yana gefe guda yana jera marafan kwalba, in wani ya taɓa ɗaya sai kuka. Da an buga ƙararrawa sai ya toshe kunnuwansa. Na yi sati biyu ina fama a banza. Ran nan uwarsa ta zo ɗaukarsa, na ga ta durƙusa kusa da shi, ta taya shi jera marafan kaɗan, sa'an nan ta ce, "Tashi." Sai ga yaro ya miƙe. Nan na tuna, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan lalura likitoci suna kiranta otizim. Mutanenmu sukan ce galahanga, ko da yake sukan haɗa lalurori iri iri cikin wannan suna. Ba kurumta ba ce, ba kuwa hauka ba ne. Ƙwaƙwalwar yaro ce take girma ta wata hanya dabam, har magana da cuɗanya da mutane su yi masa wuya. Alamunta sukan bayyana tun yaro bai cika shekara uku ba, an fi kuwa ganinta ga maza. Cikin shekara ta 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wajen yaro ɗaya cikin ɗari yana da ita. Ashe ke nan da wuya ɗayanmu ya gama aikin malanta bai gamu da irin wannan yaro ba.

A wurinmu akan ce aljanu ne suka shafe shi, ko sammu aka yi, ko uwar ce ta jawo. Sai a ɓoye yaro cikin ɗaki don kunya. Turawa ma sun yi irin wannan kuskure. Cikin shekara ta 1943 Dokta Leo Kanner na Amurka ya bayyana lalurar, bayan ya duba yara 11. Daga baya waɗansu masana suka ɗora wa iyaye mata laifi, wai ba su nuna wa 'ya'yansu ƙauna ba. Iyaye suka ƙi yarda. Cikin 1962 waɗansu iyaye a Landan suka kafa ƙungiya don nema wa 'ya'yansu ilimi. Cikin 1964 kuma Bernard Rimland, wani masani wanda ɗansa na cikinsa ke da lalurar, ya rubuta littafi ya nuna daga halittar ƙwaƙwalwa take. Yau an tabbata gado yana da babban hannu a ciki. Ba laifin uwa ba ne, allurar rigakafi kuma ba ta kawo ta.

Da aka daina zargin iyaye, sai aka gane su ne manyan mataimaka. A Ingila an yi gwaji da yara 152 waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Aka riƙa ɗaukar hoton iyayen rabinsu suna wasa da 'ya'yansu, sa'an nan malamin koyar da magana ya zauna da su su kalla, ya nuna musu inda yaro ya nemi faɗin wani abu ba su lura ba. Cikin 2016, bayan wajen shekara shida, aka ga alamun lalurar sun fi sauƙi ga yaran da aka horar da iyayensu. Ba warkewa suka yi ba, gama lalurar tana tare da mutum muddin ransa, amma sun ci gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shirya horon iyaye, zama tara cikin ƙungiya da ziyara uku a gida, an kuwa gwada shi a Habasha.

Dalilin a fili yake. Yaro yana hannunmu sa'a biyar ko shida a yini, sauran duka yana gida. Wanka, da cin tuwo, da sa riga, kowanne darasi ne.

To, mene ne namu, 'yan'uwana masu koyon aikin malanta? Na fari, mu je gidan yaron da ladabi, mu tambayi abin da yake so da abin da yake tsoro. Na biyu, mu shawarci iyaye su kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, a fara duba kunnensa, don kurumta takan yi kama da wannan. Na uku, mu daidaita baki, kalmar da ake faɗa masa a gida ita za a faɗa a aji, gajeriya, a jira ya amsa. Na huɗu, mu jawo uba da kaka da yayye ciki, kada a bar wa uwa ita kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyar, addu'a tana da kyau, amma duka da ɗauri ba su koya wa yaro kome sai tsoro. Mu kuma tuna, cikin 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu lalura bambanci a Nijeriya, har wajen neman ilimi.

Yaron nan kuwa, ni da uwarsa muka shirya muka riƙa ƙirga marafansa da shi, ita a gida, ni a aji. Kafin in baro makarantar yana ƙirga har biyar da bakinsa. Kaɗan ne, amma sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu haƙuri.