Mene ne "Maki" da ake ambata a labaran gobarar Korsika?

Duk lokacin da gobarar daji ta tashi a Korsika, tsibirin Faransa da ke Tekun Bahar Rum, sai a ji ana ambaton "maki". Sunan sarƙaƙiyar gajerun itatuwa ne masu ƙamshi, da ta lulluɓe tuddai har bakin teku.

Ganyensu ƙanana ne masu tauri, suna jure fari. Amma a Yuli da Agusta daji kan bushe ƙayau, ga maiƙo a ganyen, wuta na kamawa sai iska ta kora ta. Daga baya saiwoyi kan sake toho.

Makiyayan awaki, masu kiwon zuma da mazauna ƙauyukan gaɓar teku ke fara ɗanɗana asarar. Tudun da ya ƙone kuwa, ruwan Oktoba da Nuwamba kan wanke ƙasarsa zuwa teku.