Yadda Italiyawa Ke Tantance Jar Giyar Inabi

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Kwatano, Lome da kasuwanninmu na kan iyaka ya sha ganin katan-katan na kwalaben giyar inabi a wurin jami'an duwan. Mu dai ba mashaya ba ne, addini ya hana mu. Amma yadda mutanen Italiya ke tantance wannan haja tasu abin lura ne ga kowane ɗan kasuwa.

Mu ɗauki Amarone, jar giya mai kauri da ake yi a yankin Valpolicella kusa da birnin Berona. Bayan an tsinke inabin, akasari irin da ake kira Corvina, sai a shanya shi a inuwa wajen wata uku zuwa huɗu har ya yamutse, zaƙinsa ya tattaru. Sannan a matse, a ajiye aƙalla shekara 2. Barasar da ke cikinta ba ta gaza kashi 14 cikin 100.

Kafin ta shiga kasuwa sai an auna ta a ɗakin gwaji, sannan kwamitin maɗanɗana ya zauna. Su ɗaga kofi su duba launi, su jujjuya su sansana, su kurɓa su juya a baki, su tofar. Suna neman ƙamshin busassun 'ya'yan itace, da nauyi a harshe, da wani bauri irin na goro. In tsami ko bauri ya rinjayi sauran, an faɗi. Wadda ta ci ita ake maƙala wa takardar gwamnati mai lamba a wuyan kwalba, da tambarin DOCG.

Italiyawa sun ji jiki kafin su ƙara tsaurara wannan tsari. A shekarar 1986 wasu 'yan algus suka zuba sinadarin metanol cikin giya mai araha. Kusan mutum 20 suka mutu, wasu suka makance, masu saye daga ƙetare suka ja baya. Laifin 'yan kaɗan ya shafi manoman ƙasa baki ɗaya.

To, jama'a, ko mu masu man gyaɗa, zuma da shinkafa, wa ke tantance namu kafin ya tsallaka iyaka? Mai algus guda ɗaya kan ɓata sunan kasuwa guda.

Sai kuma a kula: kwalaben ruwan inabi marar barasa da muke sarowa don biki da suna suna kama da na giya ƙwarai. A duba jikin kwalba kafin a biya. In an ga lamba irin 13 ko 15 tare da alamar % vol, giya ce.